Yadda Farar Rigar Sarkin Famfo Ta Koma Shuɗiya

Ƙawata, ajiye tsintsiyar nan ki matso kusa, yau na zo miki da labari. Ki dai yi dariyarki a hankali, yara suna tsakar gida, Allah kuma ya yafe mana in mun zarce.

Kin san mutumin nan na ƙarshen layinmu da ake kira Sarkin Famfo. Ba wanda ya ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa, mutane suka ga ya fi sauƙi su bi shi a haka da su tsaya musu. Ya daɗe yana gyaran injinan ban ruwa a lambuna, kuma tsakani da Allah in ana maganar injin da zai zuƙo ruwa daga rafi ya watsa wa shuka, hannunsa yana da albarka. Bakinsa ne dai ya fi hannunsa sauri. In ya gyara inji ɗaya da safe, kafin la'asar ya zama goma a shagon mai aski. Karatunsa a kan inji kuwa guda ɗaya ne tak, kullum shi yake maimaitawa:

"Lafiyayyen famfo ruri yake yi. In ka ga famfo ya yi shiru, ko ya mutu, ko yana kan hanya."

To, sai Allah ya kawo masa aiki a cibiyar binciken nan da ke bayan asibiti. Matar da ke shugabantar ɗakin gwaje-gwaje, wadda kowa ke kira Dakta, tana neman mai kula da janareto da fankoki da famfunan ruwa. Ta ɗauke shi gwaji. Ta ce masa akwai wani Farfesa da zai zo daga babban ofis ya duba aikinsu, in ya zo ya tarar komai lafiya, za a tabbatar da shi a aiki, a ba shi farar riga irin ta ma'aikatan ɗakin.

Farar riga kawai ya ji. Sauran maganar ta bi iska.

Bai jira kowane Farfesa ba, daga cibiyar shagon tela ya zarce. Shagon yana manne da na mai aski, ƙofa da ƙofa, duk abin da aka faɗa a ɗaya sai an amsa daga ɗayan.

"Tela, tashi ka auna ni. Farar riga ta masana, har idon sawu."

"Tasu ai iya gwiwa take tsayawa."

"Tasu ke nan. Ni da su ɗaya ne? Ka sa mini aljihu biyar."

"Biyar? Me za ka zuba a ciki?"

"Ilimi."

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. "Tela, ka bar ɗaya babu ɗinki a ƙasa, don in ilimin ya yi masa nauyi ya samu ta inda zai zube."

"Ku dai yi ta dariya," in ji Sarkin Famfo. "Nan gaba sai kun cika takarda kafin ku gan ni."

Da aka gama rigar ya kai ta gida. Matarsa ta dube ta, ta dube shi.

"Baban yara, an tabbatar da kai ne?"

"Saura ƙiris."

"To ba ka bari ƙiris ɗin ya cika ba?"

Bai kula ta ba, ya wuce ɗakin mahaifiyarsa. Inna ta tsufa, ba ta fita ko ƙofar gida, kunne ya yi nauyi, ido kuma launi kawai yake rarrabewa. Ta shafa rigar tun daga wuya har ƙasa, ta ɗaga hannu ta yi ta sa albarka. Ta ce da ma ta san wahalar da ya sha cikin taɓo ba za ta tafi a banza ba. Tun daga ranar, duk wadda ta shigo gaishe ta, sai ta sa an ɗauko rigar an nuna mata.

A ɗakin gwaje-gwajen akwai wani ɗan inji a kan tebur, bai fi kwalin takalmi girma ba. Famfon sirinji ake ce masa. An kwantar da sirinjin gilashi a kansa, siriri kamar fensir, an danne shi da maƙalli. A bayan sirinjin akwai wani ɗan ƙarfe da ke tafiya a kan doguwar kusa mai zare, shi ke tura sandar sirinjin. Daga bakin sirinjin kuma wani tiyo, siriri kamar igiyar takalmi, ya tafi cikin wani ɗan faifan gilashi da ke ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu. Ruwan shuɗi ne a cikin sirinjin. In ya shiga faifan sai ya rarrabu ɗigo-ɗigo, duk girmansu ɗaya, suna bin juna kamar 'ya'yan carbi. Wannan jerin ɗigon shi Farfesa zai zo gani.

Ana gobe zai zo, Dakta ta cika sirinjin, ta danna abin da za ta danna, fitila koriya ta kama. Ta kira Sarkin Famfo.

"Malam, ni zan tafi tarbar baƙo, sai gobe za mu iso tare. Wannan injin ba ya son gaggawa. Ɗan ruwan nan da kake gani, zai wuni ya kwana bai gama tura shi ba. In fitilar nan tana ci, ka bar shi. In ya yi kuka, ka kira ni a waya. Kusar nan kuma in ka ga ta bushe, ka goge ta da tsumma mai tsabta, ka ɗiga mata man da ke kwalbar can, ɗigo ɗaya."

"Ɗigo ɗaya, ranki ya daɗe?"

"Ɗaya."

"An gama."

Tana fita ya tsaya a kan injin ya harɗe hannu. Ya kasa kunne, bai ji komai ba. Ya ɗora tsinin sukudireba a jikin injin ya manna ƙotar a kunnensa, sai wani ɗan tsiriri kamar numfashin sauro. Ya sa alli ya yi alama daidai inda ƙarfen turawar yake, ya je ya yi salla, ya dawo. Ƙarfen yana nan kan alamar, in ma ya motsa to bai kai kaurin gashi ba.

Tausayin Dakta ya kama shi. Baiwar Allah, an sayar mata da inji mara lafiya, kunya ta hana ta faɗa, ta koma cewa ba ya son gaggawa. Gobe Farfesa ya zo ya ga wannan gawar, ai har shi mai kula da injina abin zai shafa. Amma in ya zo ya tarar famfo yana ruri, yana watsa ruwa yadda famfo ya kamata? Ai ba tabbatarwa ba, shugaban injina za a yi shi nan take.

Ciwon ma ya gane shi tun daga nesa. Famfo bai kama ruwa ba ne. Kowane yaron lambu ya san maganinsa. Ya zare bakin tiyon daga faifan gilashin, ya sa a baki, ya zuƙa. Shiru. Ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji, ya zuƙa da ƙarfin da yake zuƙo ruwa daga rafi.

Sandar sirinjin ta zarce gaba sul! Duk ruwan da aka shirya wa wuni da kwana ya tafi bakinsa a zuƙa ɗaya, rabi ya wuce maƙoshi kafin ya ankara.

Ya yi tari, ya tofar, ya kurkure baki a famfo. Ya dubi sirinjin, wayam. Ko a jikinsa. Da ma wannan ɗan tsinken cin mutunci ne ga inji. A hanyarsa ta gida ya biya shagon maganin dabbobi ya sayi sirinjin shanu, mai kaurin damtse. Ya lura mai shagon yana ja da baya yana miƙo masa kayan da tsinin yatsu, ya ɗauka kwarjini ne ya fara sauka.

Yana shigowa layi tela ya ɗago kai daga keke, ya saki salati.

"Lafiya?" in ji Sarkin Famfo, ya yi masa murmushi har kunne.

"Don Allah rufe! Mai aski, kawo madubi!"

Mai aski ya fito da madubi ya tare masa hanya. Leɓe shuɗi, haƙora shuɗi, harshe kamar an tsoma shi a bula. Gaban Sarkin Famfo ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba.

"Wannan? Ai alamar masu bincike ce. Duk babban masani a can haka bakinsa yake. Me kuke tsammani ya sa suke rufe baki da takunkumi?"

"Ashe!" in ji mai aski. "Mu da muke cewa don ƙwayar cuta ne."

"Jahilci ne. Gobe ku zo ta tagar baya, ku ga yadda ake tayar da mataccen inji a gaban Farfesa."

A gida matarsa ta saki kwanon da ke hannunta. Ta kawo gishiri, ta kawo lemon tsami, ta kawo gawayi, aka dirje har dasashi ya yi jini, shuɗi ya ce yana nan. Ƙaramar 'yarsu ta ƙi yarda ya ɗauke ta.

Da safe kuma ya zaga bayi, ki yi haƙuri da zancen. Sai ga shi ya fito a guje, buta a hannu, ido waje.

"Maman yara, ki yafe mini duk abin da na yi miki. Kore ne! Kore shar!"

"Mene ne kore?"

Ya raɗa mata a kunne. Ta dafe ƙirji ta ce su tafi asibiti yanzu-yanzu. Ya zauna a bakin ƙofa ya taɓa ƙirjinsa, ya taɓa cikinsa, ya ji ba inda ke ciwo. Kafin ta ɗauko mayafi har ya sa farar riga yana ɓalla maɓallai.

"Bar shi kawai. Ilimi ne ya fara ratsa jiki."

Ya isa cibiyar da wuri, aljihu biyar cike: sufana, sukudireba, gwangwanin giris, robar tayar keke, da sirinjin shanu yana leƙe daga na biyar. Tela da mai aski suka rufe shaguna suka bi shi, suka tsaya ta tagar baya, haɓa a kan dakali.

Ya fara da kusar nan mai zare. Ya dubi 'yar kwalbar man Dakta ya girgiza kai. Ɗigo ɗaya! Haka ake kashe inji da rowa. Ya cusa yatsu uku cikin giris ya damƙo, ya lafta wa kusar daga farko har ƙarshe, sai da zaren ya ɓace.

Ya cire sirinjin gilashi ya ajiye gefe. Ya cika na shanu daga babbar kwalbar ruwan shuɗi. Maƙallin ya ƙi rufuwa a kansa, sai ya naɗe sirinjin da injin gaba ɗaya da robar taya, ya ɗaure sandar a jikin ƙarfen turawa, ya cusa tiyon a bakin.

"Kamar wanda ya karye aka ɗora shi," in ji tela.

"Ku yi shiru, ana aiki."

Ya danna maɓalli. Bai motsa ba. Ya danna na kusa da shi, lambobi suka fito a ɗan allon injin. Ya ga lambar ƙarama ce, ga ɗigo ga sifiri a gabanta, ya ce lallai an cuci injin nan. Ya danne maɓallin da ke ƙara lamba, bai ɗaga yatsa ba sai da allon ya cika da tara-tara. Ya ga wasu 'yan haruffa a gefe, su ma ya canza su, don kada su ce an bar su a baya. Sannan ya danna mai kibiya.

Injin ya yi gurnani. Ƙarfen ya tashi da gudu, amma baya ya nufa, yana jan sandar sirinjin, tiyon yana zuƙar iska yana ƙugi.

"Kai! Dawo! Ina za ka?"

"Haƙoranka ya gani ya juya," in ji mai aski.

Ya dinga dukan maɓallai da tafin hannu har Allah ya sa ya tsaya. Yanzu rabin sirinjin ruwa, rabi iska. Ya dubi iskar ya ce ba komai, in ya fara aiki ita za ta nemi hanyarta. Ya gano ɗaya kibiyar ya danna. Wannan karon gaba ya yi. Tiyon da bai mayar cikin faifan ba ya miƙe tsaye kamar maciji, ya shiga kaɗa kai yana zana wa bango layi. Sarkin Famfo ya bi shi da gudu, ya kama nan ya suɓuce can, rigar har idon sawu tana harɗe masa ƙafa.

"Kun gani? Kun ga ruwa?" yake ihu. "Jiya ko ɗigo ba ya yi!"

Da ya kama shi ya tsayar da injin, ya goge bango da labulen taga, ya cusa bakin tiyon a cikin faifan gilashin da yatsunsa masu giris. Don kada ya sake fita ya naɗe mahaɗin da waya, ya murɗe da filaya. Hanyar da ke cikin faifan nan kuwa ba ta kai kaurin gashi ba, girisin yatsansa kaɗai ya toshe ta tsaf.

Ya kunna. Injin ya tura, ya tura, ya tsaya cak, fitila ta koma ja, ya fara kuka: ƙii, ƙii, ƙii.

"Ba ka ce matar nan ta ce in ya yi kuka ka kira ta ba?" in ji tela.

"Wannan ba kuka ba ne. Ruri yake koyo, muryarsa ce ba ta buɗe ba."

Ya sake kunnawa, ya ƙara turawa kaɗan, ya sake tsayawa. Ya lalubo wani wuri a allon mai zanen sanda-sanda, ya ga duk sandar da ya ƙara injin yana daɗa nishi, ya cika su duka. Kukan ya dame shi, ya liƙe 'yan ramukan da sautin ke fita da salatif. Iskar da ke cikin sirinjin tana ta matsewa, tiyon ya kumbura ya yi ciki a tsakiya.

Sai ga ƙarar mota a harabar. Ya fizgo farin ƙyallen da ake rufe madubi da shi ya lulluɓe injin, ya ware fankar sama har ƙarshe don baƙo ya sha iska, ya ɗaura takunkumi a baki, ya ƙame a gefen tebur.

Dakta ta shigo da Farfesa, ma'aikata na biye. Dattijo ne dogo mai sanyin magana, gemunsa fari fat, rigarsa fara, da tabarau a karan hanci. Dakta ta ga Sarkin Famfo cikin riga har ƙasa ta yi turus, ta haɗiye maganar saboda baƙo. Ta ga ƙyalle a kan injin.

"Malam, wa ya rufe wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Albishir ne."

Farfesa bai tsaya jin albishir ba, ya sunkuya ya sa ido a madubi. Ya juya wani abu, ya sake dubawa.

"Dakta, ban ga ɗigo ko ɗaya ba."

Nan Sarkin Famfo ya ga lokacinsa ya yi. Ya matsa gaba, ya sauke takunkumi don muryarsa ta fita, ya yi murmushi. Ma'aikatan suka ja da baya a tare. Wata ta ce, "A'uzubillahi."

"Yallaɓai, ɗigo ai na jiya ne. Na tarar da injin nan rai a hannun Allah, ba ci ba sha, ana ba shi mai da ɗigo kamar maganin ido. Dakta ba laifinta ba ne, ba fanninta ba ne. Na kwana ina tunaninsa. Yau ba ɗigo za ka gani ba, yallaɓai, ruwa za ka gani."

Ya yaye ƙyallen.

Dakta ta ga sirinjin shanu. Ta ga robar taya. Ta ga giris yana ɗiga a tebur, ga tiyo ya yi ciki kamar ya haɗiyi ƙwai. Muryarta ta fita ba ta sani ba.

"Kashe shi! Zare wayar! Malam, kada ka taɓa..."

"Kwantar da hankalinki, ɗan bugu kawai yake jira. Duk famfo haka yake."

Ya zaro sufana daga aljihu na biyu, ya ɗan ƙwanƙwasa bakin sirinjin, ƙwas.

Ƙawata, ji kike fau!

Tiyon ya fice daga bakin sirinjin, iskar da aka matse ta sami hanyar da yake cewa za ta nema. Ruwan shuɗi ya tashi tsiri ɗaya, ya fara da gemun Farfesa, ya bi ta tabarau, ya haye sama ya sami fanka tana gudu. Fanka kuwa ba ta san babba ba ta san yaro ba, ta raba wa kowa rabonsa. Ɗankwalin Dakta, rigunan ma'aikata, bango, agogo, har tela da mai aski da ke taga baki buɗe, sai da aka ba su nasu a ciki. Injin da ya ji nauyi ya sauka, sai ya ƙara wuta, ya tura sauran ruwan kaf a ƙirjin Sarkin Famfo, wanda ya rungume shi yana ihu, "Ya isa! Ya isa haka! Na ce ya isa!" Ya ja da baya, ƙafarsa ta taka gefen rigar, ɗayar ta taka giris, ya zauna daɓas a ƙasa, aljihu biyar suka amayar da ilimin da ke cikinsu.

Dakta ta zare wayar daga bango. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka tana ɗiga.

Farfesa ya cire tabarau. Inda gilashin ya rufe ne kawai ya rage a fuskarsa, zagaye biyu. Ya shafa gemu, ya dubi tafin hannunsa.

"Bawan Allah, kafin ka zo nan wane aiki kake yi?"

"Injin ban ruwa, yallaɓai."

"Na ga alama. Mun sha."

Daga taga mai aski ya tofar da shuɗin yawu ya ce, "Tela, buɗe bakinka in gani. Alhamdulillahi, mu ma mun zama masana."

Wani ma'aikaci ya fara dariya, ya toshe baki, ya kasa riƙe ta. Dariya ta ɓalle har Farfesa sai da ya dafa tebur. Dakta kaɗai ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallon injin, idonta ya ciko, don aikin da ta daɗe tana haɗawa ke nan. Da ta tambayi inda ruwan da ta cika sirinji da shi jiya ya tafi, ta ji shanye shi ya yi, sai ta manta da injin ta juyo kansa.

"Ka sha? Da bakinka? Malam, ka gode wa Allah rini ne kawai a ciki. A ɗakin nan akwai kwalbar da in ka zuƙa, ba za ka kai ƙofa ba."

A nan ne karon farko ya sunkuyar da kai.

Farfesa mutumin kirki, ya ce ba inda za shi da wannan gemun, zai jira. Dakta ta naɗe hannun riga. Ta yanke robar, ta kwashe giris da tsumma bayan tsumma har zaren kusar ya fito, ta ɗiga mai ɗigo ɗaya tana kallon Sarkin Famfo cikin ido. Ta ɗauko sabon faifai da sabon tiyo, ta mayar da sirinjinta na gilashi, ta ɗaga bakinsa sama ta fitar da iska har ƙwayar ƙarshe, ta mayar da lambobin inda suke. Allah ya taimake ta injin bai ƙone ba. Fitila koriya ta kama, ya koma numfashinsa na sauro.

Can da rana Farfesa ya sa ido a madubi, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ya yafito Sarkin Famfo.

"Zo ka ga mataccen injinka."

Ya sa ido. Ga su nan, ƙananan ɗigo shuɗaye, sumul-sumul, kowane daidai da ɗan'uwansa, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ba mai ture wani. Ya kalla, ya kalla, bakinsa a sake. Kowa ya ɗauka shi ke nan, yau an ga ƙarshen bakin nan. Sai ya ɗago ya gyara wuyan riga.

"Ai na faɗa. Da ma buɗe masa hanya kawai yake buƙata."

Dakta ta nuna masa ƙofa da yatsa. Ta ce in ta sake ganin ƙafarsa a ɗakin nan, ko inuwarsa, da kanta za ta kira masu gadi, maganar farar riga kuwa ya manta da ita har abada. Farfesa ne ya sa baki, ya ce ya hango wani tsohon injin ban ruwa a lambun bayan ginin, shuke-shuke duk sun bushe, a tura shi can, tunda dai an shaida ya iya watsa ruwa. Haka aka yi. Kafin yamma ana jin rurin injin har titi.

Ya dawo gida ta tsakiyar layi, tela a dama, mai aski a hagu, su uku baki shuɗi, labari kuwa ya riga su isowa. Matarsa ta jiƙa rigar, ta wanke, ta sake wankewa, ta fito dabbare-dabbare kamar zanen taswira. Ta zauna ta rasa yadda za ta yi, don Inna tun azahar take tambaya ko an tabbatar da ɗanta. Tela ne ya kawo shawara, ya ce tunda shuɗin ya ƙi fita, a ƙarasa masa. Aka rina ta gaba ɗaya.

Washegari ya sa ta ya shiga gaishe da Inna. Ta ƙura masa ido, ta kamo gefen rigar ta kai kusa da fuska.

"Ɗan nan, ba fara ba ce da?"

Matarsa tana bakin ƙofa, ta kasa kunne. Ya durƙusa, ya ɗaga murya daidai kunnenta.

"Inna, ƙarin girma aka yi mini. Fara ta masu ƙaramin famfo ce. Shuɗiya sai mai babba."

"Tun ba a je ko'ina ba?"

"Farfesa da kansa ya ce ɗakin ya yi mini kaɗan."

Tsohuwa ta ɗaga hannu sama, hawaye na bin kumatunta, ta yi wa Farfesa addu'a, ta yi wa Dakta, ta yi wa injin ma. Matarsa ta ce amin, ta juya da sauri ta cusa mayafi a baki.

To ƙawata, ki riƙe wannan a cikinki. Na san tela ya sani, mai aski ya sani, duk layin nan har masu tallar ruwa sun sani. Amma duk wadda ta shiga gaishe da Inna, in aka ɗauko mata shuɗiyar riga, barka take yi ta fito, ba a taɓa samun wadda ta yi ko tari ba. Don girman Allah kada ki faɗa wa kowa, kada a ce daga bakinmu ya isa ɗakin tsohuwar nan.